Idan Wuta Ta Ɗauke A Sama: A Daina Zagin Matuƙin Da Ya Juyo

Kwanakin baya muna zaune a rumfar wani amininmu a kasuwar tattasai ta Diffa, sai ga wata Hajiya da muka daɗe da sani, ɗaya daga cikin matan da ke sayen busasshen tattasai buhu-buhu daga hannun manoman bakin Komadugu suna aikawa Damagaram da Maraɗi, ta iso tana faɗa kamar za ta ari baki. Abin da ya faru shi ne, likitan ido ya sa mata rana a Yamai, wani ɗan'uwanta ya yi ƙoƙari ya samar mata kujera a wani ƙaramin jirgi mai inji ɗaya da zai je Damagaram, daga can ta ci gaba. Sun tashi lafiya, ba su fi minti 15 da barin ƙasa ba sai ta ga matuƙin ya ƙura wa allon gabansa ido, ya taɓa nan ya kashe can, ya yi magana a rediyo, kafin ta ankara sai ga rufin kwanon Diffa ya sake bayyana a ƙarƙashinsu. Da suka sauka ta tambayi dalili, aka ce mata wai wata 'yar jar fitila ce ta kama. Ta ce: "Fitila fa, Malam! Inji yana kuka lafiya lau, ba hayaƙi ba komai. Direban da ke kai mu Gure ko fitilunsa duka sun mutu ai sai ya kai mu."

Mutanen rumfa suka kwashe da dariya, kusan kowa ya goyi bayanta. Wani ya ce matsoraci ne kawai aka ba jirgi, wani ya ce mai suke son ragewa, wani kuma ya ce da ɗan Manga ne da tuni ya sa haƙori ya fere waya ya ɗaure. Mu dai ba mu yi dariya ba, kuma a wannan fili muke so mu faɗa wa Hajiya da sauran iyayenmu mata da 'yan'uwanmu 'yan kasuwa cewa matuƙin nan ya yi daidai, kuma irin matsin da muke yi wa masu tuƙa mu, a ƙasa ko a sama, yana daga cikin abubuwan da ke kai mutane lahira ba shiri.

Kada wani ya ce ina ruwan mai sayar da tattasai da maganar jirgin sama. Daga Diffa zuwa Yamai kilomita wajen 1,360 ne a mota, kuma duk wanda ya taɓa bin wannan hanya da marar lafiya a bayan mota ya san abin da muke nufi. Tun daga harin da aka kai Boso da Diffa ranar 6 ga Fabrairu 2015, da dokar ta-ɓaci da ta biyo baya, jirgin sama ya zama hanyar da ma'aikatan agaji da likitoci da magunguna suka riƙa shigowa jihar nan, inda jiragen Majalisar Ɗinkin Duniya da hukumar abinci ta duniya ke kula da su suka shafe shekaru suna jigila tsakanin Yamai da Damagaram da Diffa. Sojan da aka raunata a bakin tafki ƙaramin jirgi ke ɗaukar sa. Idan fara ta sauka, kamar yadda ta yi a 2004, ƙananan jirage ne ke feshi. Ko ba mu hau ba, ɗanmu ko ƙanenmu zai hau.

To, mene ne wannan jar fitila? A jikin injin jirgi akwai altaneta, irin wanda kowane bakanike ya sani a mota, wato ɗan janaretan da inji ke juyawa yana ba da wuta yana kuma cajin batir. Idan bel ɗinsa ya tsinke, ko wata waya ta kwance, ko shi kansa ya ƙone, fitilar nan sai ta kama, allurar caji kuma ta koma baya. Ma'anarta ɗaya ce: daga wannan minti jirgin ya daina samun sabuwar wuta, abin da ke cikin batir kaɗai yake ci. Kamar mai shago ne da aka rufe masa hanyar sari, yana sayarwa amma ba ya sarowa, kantarsa a cike take a ido, sai dai kowane ciniki ƙarar da shi yake yi.

Inda Hajiya ta yi gaskiya shi ne injin bai tsaya ba, kuma ba zai tsaya don wannan ba. Manoman da ke ban ruwa a Geskeru da Shetimari za su fi kowa fahimtar dalili. Injin ban ruwan da suke dasawa a bakin kogi ba shi da batir, igiya ake ja ya tashi, domin a cikinsa akwai maganeto, wato maganaɗisun da ke juyawa da injin yana haifar da tartsatsin da fulogi ke bukata. Muddin yana juyawa yana da mai, zai ci gaba da aiki ko da duk garin babu wuta. Haka injin yawancin ƙananan jirage masu farfela yake, irin su Cessna 172 da ake koyon tuƙi da shi a ko'ina cikin duniya. Bambancin kawai shi ne na jirgi maganeto biyu gare shi, kowace tukunyar inji kuma fulogi biyu, ta yadda idan ɗaya ya mutu ɗaya zai riƙe. Idan kun taɓa lura matuƙi ya tsaya a bakin titin tashi yana taka inji, kukan yana ɗan sauka yana hawa, ba yanga yake yi ba, maganeton yake gwadawa ɗaya bayan ɗaya. Mota ba haka take ba. Ita idan altaneta ya mutu tafiya za ta yi ta yi har batir ya ƙare, sannan ta mace a tsakiyar daji. Bugu da ƙari, sitiyarin ƙaramin jirgi igiyoyin ƙarfe ne da sanduna suka haɗa shi da fukafukai da wutsiya, ƙarfin hannu da ƙafa ke motsa su. Man kuwa ko dai ya gangaro daga fukafukai da kansa, ko famfon da injin ke juyawa ya jawo shi. Manyan 'yan'uwansa irin Cessna 208, wanda sojojin saman Nijar suka samu daga Amurka a 2013, injinsu wani iri ne daban, amma shi ma idan ya riga ya kama ba ya jiran batir kafin ya ci gaba da ci.

Saboda haka jirgin da wuta ta ɗauke masa ba faɗowa yake yi kamar dutse ba, kuma wannan ya kamata ya kwantar da hankalin duk wanda ke tsoron hawa. Amma a nan ne kuma tarkon yake, domin kukan inji lafiya lau shi ke ruɗin fasinja, wani lokaci har da matuƙin da bai ƙware ba.

Abin da batir ke riƙe da shi ba kaɗan ba ne. Rediyon da ake magana da masu kula da sama da shi, na'urar da ke nuna wa wasu inda jirgin yake, na'urar tauraron ɗan'adam mai nuna hanya, gejin mai, fitilun ciki da na waje, da ƙananan fikafikan nan da ake saukarwa a bayan manyan fukafukai don a rage gudu wajen sauka, duk wuta suke ci a yawancin irin waɗannan jirage. Wasu har tayoyinsu da wuta ake fito da su, in ta ɗauke sai an koma bugawa da hannu. Ana koya wa matuƙa su ɗauka cewa batir zai ba su kimanin minti 30, shi ma in lafiyayye ne kuma cike yake. Mu da muke ganin yadda zafin Afrilu da Mayu ke cinye batirin mota da na sola a garin nan, ba sai an gaya mana cewa batirin da ya kwana biyu ba zai cika wannan alkawari ba.

Yanzu mu yi lissafi irin na kasuwa. Daga Diffa zuwa Damagaram a sama, a miƙe, kilomita kusan 400 ne. Ƙaramin jirgi irin wanda muka ambata yana cin kilomita 200 da ɗoriya a awa, ke nan tafiyar ta kusa awa biyu. Hajiya ta ce minti 15 suka yi fitila ta kama. Da matuƙin ya biye wa son ranta, da batirin ya mutu tun ba su kai rabin hanya ba, sauran tafiyar ta fiye da awa guda sai a yi ta a bebance: ba ya jin kowa, ba wanda ke jin sa, bai ga gejin mai ba, sannan ya isa filin Damagaram inda wasu jirage ke tashi da sauka ba tare da ya iya cewa ga ni nan tafe ba. A bayansa kuwa ga filin da ya baro minti 15 kacal, wanda ya san titinsa, ya ga yanayinsa da idonsa yanzu-yanzu. Wane ɗan kasuwa ne mai hankali zai bar riba a hannu ya bi bashi a daji?

Kuma mu tuna a ina muke. Ranar da sama ta yi garau, matuƙi zai iya bin kwaltar da ta taso daga Ngigmi ta ratsa Diffa da Maine-Sorowa da Gure da ido, yana duba kamfas ɗinsa wanda ba ya bukatar wuta, yana lissafin mai da agogon hannu. Koren bakin Komadugu ma alama ce da ba ta ɓuya a tsakiyar rairayi. To amma daga Disamba zuwa Fabrairu fa, lokacin da hazo ke rufe gari har mai rumfa ba ya hango ƙarshen layinsa? A irin wannan rana wanda ya rasa na'urorinsa ya rasa ido. Daɗin daɗawa, kogin nan shi ne iyakarmu da Najeriya, kuskure kaɗan ya isa ya tsallakar da mutum. Jirgin da ba ya amsa kira, ba ya nuna ko shi wane ne, yana shawagi a yankin da sojoji ke zaune cikin shiri dare da rana, ba sai mun fayyace irin fassarar da za a iya yi masa ba.

Abin da Hajiya ta gani matuƙin yana yi, taɓa nan kashe can, ba ruɗewa ba ce, karatu ne da aka sa shi ya maimaita har ya zauna masa. Farko ya riƙe jirginsa daidai, domin ƙa'idar da ake fara cusa wa kowane ɗalibi ita ce tuƙi tukuna, sannan sanin hanya, sannan magana. Sai ya kashe altanetan ya sake kunnawa sau ɗaya ko zai farfaɗo. In bai dawo ba, sai ya shiga tsimi: duk abin da ba dole ba ya kashe shi, rediyo na biyu, fitilun ado, fanka, wurin cajin waya. Sannan tun da sauran wuta ya kira ƙasa ya faɗi inda yake, abin da ya same shi, inda zai sauka da ƙarfe nawa zai iso, don in muryarsa ta ɗauke daga baya an riga an san da zuwansa. Ragowar wutar kuma ya adana ta don lokacin sauka. Kowace mace da ta taɓa riƙe gida a watan da albashi ya makara ta san wannan ilimi, ba a dafa shinkafar baƙi alhali ba a san ranar da kuɗi za su zo ba.

Ka'idar riƙe tuƙi kafin komai da jini aka rubuta ta. Ranar 29 ga Disamba 1972 wani babban jirgin kamfanin Eastern ya taso daga New York zai sauka Miami a Amurka, sai 'yar fitilar da ke nuna tayar gaba ta fito ta ƙi kamawa. Matuƙan duka suka duƙufa a kanta, wannan ya ciro wancan ya murɗa, ba wanda ya lura jirgin yana ta sauka a hankali cikin duhu har ya daki fadama. Mutum 101 suka mutu. Da aka bincika, tayar ta fito lafiya, ƙwan fitilar ne kawai ya ƙone. Shi ya sa idan kuka ga matuƙi yana fama da wata matsala, mafi girman taimakon da za ku yi masa shi ne ku yi shiru. Ba lokacin tambayar "Malam lafiya?" sau goma ba ne, ba kuma lokacin salati da ƙarfi har a firgita yara ba. A yi addu'a a zuci, in ya nemi a riƙe masa tocila ko takarda a riƙe.

Sai dai akwai abu ɗaya da ba a yin shiru a kansa, shi ne wari. Duk wanda ya ji ƙaurin roba ko na waya tana ƙonewa, ko ya ga hayaƙi komai ƙanƙantarsa, ya faɗa nan take, ko da kuwa yana jin kunyar a ce baƙauye ne. Mutuwar altaneta tana ba da minti 30, gobarar waya ba ta ba da ko rabin haka. A nan ma matuƙi ba ya tsimi, babban makunnin yake kashewa gaba ɗaya, ya rufe kafofin iska, ya ɗauki abin kashe gobara, ya nemi ƙasa mafi kusa.

Wannan ya kawo mu ga ɗan'uwanmu mai cewa da ɗan Manga ne da ya ɗaure waya. A gaban matuƙi akwai jerin ƙananan maɓallai, kowanne aikin fiyus yake yi, idan waya ta ɗauki zafi fiye da ƙima sai ya fallo waje ya yanke wutar. Hannu yana ƙaiƙayin ya mayar da shi, kamar yadda muke yi a shaguna: fiyus ya ƙone, a samo zaren waya mai kauri ko takardar sigari a naɗa, wuta ta dawo, kowa ya ce yaron nan gwani ne. Alhali fiyus ɗin da ya yanke gaya maka yake yi akwai ɓarna a wani wuri da ba ka gani. A watan Yuli na 2007, a jihar Florida ta Amurka, wani matuƙi yana cikin tafiya da ƙaramin jirgi Cessna 310 na wani kamfanin shirya tseren motoci, sai na'urar duba hadari ta mutu, ya ji ƙauri. Ya kashe ta, ya zare maɓallinta, warin ya tafi, ya sauka lafiya, ya rubuta abin da ya gani ya bari. Ba a gyara ba. Washegari, 10 ga wata, wasu matuƙa biyu suka ɗauki jirgin, kuma masu bincike sun ce ga dukkan alamu an mayar da maɓallin. Kimanin minti 10 da tashi suka yi kira cewa hayaƙi ya cika musu ɗaki. Ba su kai fili ba, suka faɗa kan gidajen mutane a garin Sanford, su biyun suka mutu tare da mutum uku da ke zaune cikin gidajensu ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Matuƙin farko ya yi abin da ake koyarwa ya tsira. Abin da ya kashe na biyun shi ne "a lallaɓa a je a dawo", kalmar da ba wanda ya kai mu iya furta ta.

Mun ga gobarar kasuwar Sabon Gari ta Kano a 2016, mun ga ta kasuwar Monday ta Maiduguri a Fabrairun 2023, wadda 'yan Diffa da yawa ke sari a cikinta. Ba mu ce ga abin da ya tayar da kowaccensu ba, amma duk wanda ya ɗaga kai ya kalli yadda wayoyi suka yi saƙar gizo a saman rumfunanmu ya san muna kwana da abin da muke kwana da shi. Bambancin mai rumfa da matuƙi shi ne mai rumfa yana da ƙofar gudu.

Haka nan maganar a tura ta tashi. Motar da batirinta ya yi sanyi mukan tara yara su tura, ko a jona da na wata motar, in ta kama shi ke nan. A jirgi wannan ganganci ne, kuma sababbin jirage sun fi tsofaffi rashin haƙuri da shi, domin akwai waɗanda kwamfuta ce ke sarrafa injinsu, ba maganeto. A 2007 a garin Speyer na Jamus an tayar da wani jirgi mai inji biyu, Diamond DA42, da wutar waje saboda batirinsa ya mutu, aka tashi ba a jira ya yi caji ba. Suna barin ƙasa suka naɗe tayoyi, wutar ta yi ƙasa na ɗan lokaci, injinan biyu suka mutu tare, dole aka yi saukar gaggawa. Bayan wannan ne aka tilasta sa wa irinsa batirin ko-ta-kwana. Ke nan idan an ce muku a jira batir, ko a jira wani ƙarfe daga Yamai, ba wulaƙanci ba ne. Iyayenmu na Sakkwato ba su manta da jirgin alhazan da ya faɗi a Jidda ranar 11 ga Yuli 1991 ba, mutum 261 babu wanda ya fita. Ba wuta ce ta jawo shi ba, iskar taya ce ba ta cika ba, an kuma sani, amma aka ce lokaci ya ƙure a tafi haka nan.

Ba mu ce Hajiya ba ta da abin ƙorafi ba. Ta rasa ranar likita, kuma wanda ya san yadda ake samun irin wannan rana ya san ba ƙaramar asara ba ce. Mun kuma san akwai masu fakewa da "matsalar na'ura" idan kujeru ba su cika ba, kamar yadda direban tasha ke cewa yana jiran takarda alhali fasinja yake jira. Haƙƙinmu ne a yi mana bayani da harshen da muke ji, Hausa ko Barbarci, a gaya mana yaushe za a sake tashi, a mayar wa mutum kuɗinsa in ya fasa. Wannan faɗa ne da ya kamata a yi, kuma da masu jirgi za a yi shi a ofis. Amma matuƙin da ya juyo da ku kuna numfashi, shi ba abokin faɗa ba ne. Yaro ne mai neman abinci, yana da maigida a kansa, kuma idan ya san duk ranar da ya juyo sai manyan mutane sun kira maigidansa sun ce ya kunyata su, wata rana zai ga jar fitila ya kau da kai. Mun san Alhazan da ke yin irin wannan kira, suna ganin isa ce.

Namu laifin bai tsaya a baki ba. Muna ɓoye nauyin kaya, a ce kilo 15 alhali ya haura 25, mu ɗauka wayo muka yi. Jirgin da zai sauka ba tare da fikafikan rage gudu ba yakan taɓa ƙasa da gudu fiye da yadda ya saba, ya kuma ci titi mai tsawo kafin ya tsaya, kowane kilo da aka ɓoye ƙara masa wahala yake yi. Masu sarin wayoyi da batiran caji kuma su sani, dokar jiragen sama ta ce irin waɗannan batira a hannu ake riƙe su, ba a cusa su cikin kayan da za a jibge a baya, domin in ɗaya ya kama wuta a inda hannu ba ya kaiwa, babu mai kashe shi.

Daga nan sai mu juya ga hukuma, domin matuƙin da ya rasa rediyo rayuwarsa tana hannun mutanen ƙasa. Dokokin duniya sun tanadi yadda za a yi. In na'urarsa tana da sauran wuta yakan sa lamba 7600, wadda ke nufin ba na ji ba na magana, ko 7700 in abin ya kai ga neman ceto. In ya iso fili, ma'aikacin hasumiya yana da wata babbar fitila da yake haska masa: kore tsayayye, sauko, ja tsayayye, dakata ka ci gaba da zagaye, ja mai ƙyaftawa, filin ba lafiya kada ka sauka. Shi kuma sai ya kaɗa fukafukai alamar ya gani. Tambayarmu ga hukumar jiragen sama ta ƙasa, ANAC, da ASECNA mai kula da sararin samaniyar ƙasashenmu, da hukumomin jiha ita ce: wannan fitila tana nan a filin Diffa da cajinta, kuma yaushe aka gwada ta? An yi wa garin nan ayyuka lokacin bikin Diffa N'Glaa, mun gani mun yaba, amma gini daban kula daban. Idan wutar gari ta ɗauke da magariba, kamar yadda ƙasar nan ta ɗanɗana lokacin da Najeriya ta yanke mata wuta daga Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, cikin daƙiƙa nawa janaretan fili ke kamawa, kuma wa ke riƙe da makullin mansa? Ƙananan filayen da aka sani a Gure da Maine-Sorowa da Ngigmi, waɗanda su ne mafakar wanda abu ya same shi a tsakiyar hanya, wa ke zuwa duba ko rairayi ya rufe su, ko awaki sun mayar da su makiyaya? Jihar da ake haƙo man Agadem a cikinta bai kamata a ce share titin sauka ya gagare ta ba.

Masu jiragen su ma akwai nasu. Rediyon hannu mai batirinsa daban, tocila mai aiki, taswirar takarda, da lambar wayar hasumiya a rubuce a aljihun matuƙi, duka kuɗinsu bai kai na buhunan tattasai kaɗan ba. Ba a fafa gora ranar tafiya. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa da ke haɗa kuɗi su yi shatar jirgi, ko don marar lafiya ko don wata hidima, suna da ikon tambaya kafin su biya: yaushe aka duba batir, akwai abin da matuƙin jiya ya rubuta da ba a gyara ba? Wanda ya ji haushin wannan tambaya, a nemi wani. Ai ko buhu za mu saya sai mun zura hannu har ƙasa mun ga ba a yi mana fuska ba.

Mun sake haɗuwa da Hajiya bayan ta dawo daga Yamai, an ba ta wata ranar, an yi aikin ido, tana sanye da baƙin tabarau. Ɗan'uwan nata ya gaya mata abin da bakanike ya tarar da aka buɗe injin: bel ɗin altaneta ne ya tsinke, guntunsa na kwance a ƙasan murfi. Muka ce to Hajiya, yanzu fa? Ta ce ita dai har gobe tana ganin da ya daure da sun kai, amma ta aika wa yaron da rabin buhun tattasai.